Sunayen da Na Rubuta a Shagon Caji

Shekarun baya, lokacin da ƙasar nan ta rikice har mutum ba ya ambaton wasu mutane sai ya waiwaya, ina da ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwar garinmu. Garin namu yana tsakanin Bici da Tsanyawa, irin garuruwan nan da gonar wani take farawa daga bayan katangar wani. Na gama sakandare, na nemi kwalejin Bici sau biyu ban samu ba, sai kawuna ya haɗa mini ƙaramin janareta da wata tsohuwar kwamfuta. Da su nake caji, nake kuma tura wa mutane waƙoƙi da karatun Alƙur'ani da wa'azi a memori. A lokacin ji nake kamar ni ne gidan rediyon garin. Har tabarau nake sawa, alhali idona lafiyarsa ƙalau.

Yadda nake sana'ar shi ne, duk wayar da ta zo da abin da ba ni da shi sai in kwafa in ajiye, ba na tsayawa sauraro. A haka wa'azin mutanen nan masu kisa da sunan addini ya shigo kwamfutata, daga wayar wani direba da ban ma riƙe fuskarsa ba. Na tura wa mutum uku ko huɗu kafin wata rana in zauna in ji abin da ke ciki. Ban kai rabi ba na kashe. Mutum ne mai daɗin murya yake jawo ayoyi yana halatta jinin malamin makaranta da duk wani mai cin albashin gwamnati. Na goge shi, na kama bakina, na ɗauka shi ke nan.

A watannin nan ne abin ya tsananta a birni. Hanyar Kano ta cika da shingayen bincike, tafiyar awa ɗaya ta koma ta yini. Akwai majalisa a gindin darbejiyar da ke gaban shagona, inda a da ake musu tun daga siyasa har ƙwallo. Sai hirar ta koma tsadar taki da jinkirin ruwan sama. In wani ya yi suɓutar baki ya taɓo wancan zance, sai ka ga ana zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba.

Mutum ɗaya ne bai san da wannan doka ba, wato abokina. Tare muka tashi da shi. Ɗan limamin garinmu ne, yana koyarwa a Islamiyya, kuma bakinsa ba shi da linzami. Zai soki masu kisan da hujjoji, ya juyo ya soki masu shingen da ke sa dattijo tsallen kwaɗo a gaban jikokinsa. Nakan ce masa, "Don Allah mutumina ka riƙa rage murya." Shi kuma yakan ce, "In kowa ya yi shiru, ai su kaɗai za a riƙa ji."

Wata ranar kasuwa bayan azahar, wani mutum ya kawo waya caji. Dogo ne, da yadi ruwan toka da hula, ba abin da zai sa ka dube shi sau biyu. Bai ajiye ya tafi kamar kowa ba, ya zauna a bencina. Da mutane suka yi sauƙi sai ya kira ni da cikakken sunana, har da na mahaifina da ya rasu. Ya tambayi jikin mahaifiyata, ya ce ya ji ƙafar tana matsa mata. Sannan ya ciro wani kati ya nuna mini, ya mayar aljihu kafin in karanta ko kalma ɗaya. Ya ce shi jami'in tsaro ne. Har yau ban san daga wane ofishi ya fito ba.

Ya ce, "Wa'azin nan da ka tura wa mutane, yana ina?"

Na ce, "Yallaɓai, na goge shi. Wallahi lokacin da na tura ban san abin da ke ciki ba."

"Na yarda. Amma ka tura. In manya suka zo tambaya, abin da ka yi za su duba, ba abin da ka sani ba."

Ya ajiye wani memori a kan teburina. Ya ce wa'azin ne, har da sababbi. In mayar da shi cikin kwamfuta, duk wanda ya nema in tura masa, in rubuta sunansa da lambar wayarsa. Duk ranar kasuwa zai zo ya duba.

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ce, "Yallaɓai, ai wannan yaɗa shi ne."

Bai yi fushi ba. Ya ce ba a kama kifi sai an sa masa abinci a bakin ƙugiya. Ya ce a wata guda ya binne abokan aikinsa biyu, ɗaya ya bar matarsa da ciki. Ya ce mutanen nan ba sa zuwa da tambari a goshi, in ba a san su tun suna sauraro ba, sai an tashi da gawarwaki a kasuwa irin wannan. Ya karɓi wayarsa, ya biya kuɗin caji, ya tafi.

Abin da ya fi cin raina a makon shi ne ban tabbata ko waye shi ba. In jami'in gaske ne na ƙi, na shiga uku. In kuma ɗaya daga cikin mutanen ne yake gwada ni ya ga ko zan kai sunayensu, nan ma na shiga uku. Na rasa wanda zan tambaya. Na sayi ƙaramin littafi na ɓoye shi a ƙarƙashin akwatin janareta, na fara.

A makon farko na rubuta suna biyu. Akwai wani ɗan kasuwa mai kai wake kasuwar Dawanau, ya ce so yake ya ji da kunnensa abin da ake ta faɗa. Akwai kuma wani baƙo da ya kama hayar ɗaki a ƙarshen gari, mai sayar da turare, wanda ba ya shiga mutane. Shi bai yi wani bayani ba, ya miƙo waya kawai ya faɗi sunan mai wa'azin a hankali. Ranar kasuwa jami'in ya zo, ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya tafi.

Na daina cin abincin kirki. In mota ta tsaya a gaban shago sai in leƙa in ga ko waye. Har majalisar na fara jin ta da wani irin kunne. Mutanen da na sani tun ina yawo ba wando, in suka yi magana sai in ji ina auna ta. Babu wanda ya ce in yi haka, kunnen ne ya koya da kansa.

A mako na huɗu ban samu kowa ba. Jami'in ya dubi shafin babu komai, ya dube ni. Ya ce, "Garin nan kaf babu mai nema, ko kai ne ka fara tausayi? Ba sai sun tambaya ba. Ka san masu jin haushin gwamnati. Ka riƙa yi musu tayi."

Nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Akwai wani maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya uku, ɗan acaɓa. A birni yake sana'arsa, da aka hana goyo a babur ya dawo gida yana ɗan kai mutane ƙauyuka. Kullum cikin ƙorafi yake, ya ce an raba shi da abincinsa. Ya kawo waya in sa masa waƙoƙin biki. Ina cikin turawa na ce masa, kamar da wasa, "Akwai wani wa'azi mai zafi fa, yana taɓa masu mulki. In haɗa maka?"

Ya ce, "To, sa mana, tunda kyauta ne."

Na sa. Yana fita na ɗauko littafi na rubuta sunansa. Na ce wa kaina ai rubutu ne kawai, za su bincika su ga ba ruwansa.

Bayan kwana biyu sai ga abokina. Ya jawo benci ya ce ya ji labari ina da wa'azin nan, yana so in tura masa duka. Ya ce ɗalibansa manya sun fara yi masa tambayoyin da ya san ba daga kansu suka fito ba, kuma ba zai iya ba da amsar maganar da bai ji ba. Na ce babu. Ya ce ƙarya nake. Na ce to akwai, amma haɗari ne. Ya yi dariya ya ce tun muna yara ko kare ya yi haushi a wata unguwa ni nake fara gudu. Ya nace har na tura masa. Amma ban rubuta sunansa ba.

Ranar kasuwa jami'in ya duba littafin, ya ga sunan maƙwabcinmu, ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Ka manta da mutum ɗaya. Malamin Islamiyya, ranar Talata da hantsi."

Ashe ni ma akwai mai rubuta ni. Ya miƙo mini biro ya ce in rubuta da hannuna. Na rubuta sunan abokina, da lambar wayarsa da na haddace tun ranar da ya sayi layin.

Washegari ban buɗe shago ba. Na zauna a tsakar gida, mahaifiyata tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ɗan nan, wata guda ke nan tuwona yana dawowa. Ko dai ka gaya mini, ko in aika a kira kawunka."

Na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba, hannunta dai ya daina ɓarar. Da na gama ta ce, "Wato an ba ka guba ka zuba a randa, ka tsaya a gefe kana rubuta sunan masu shan ruwa."

Na ce, "Inna, in na ƙi ni za su ɗauka."

Ta ce, "Na ji. Ni ma tsoron nake ji, kada ka ga ina zaune. Amma yaron nan a gidan nan ya sha kunu tare da kai. Tashi ka same shi kafin rana ta yi tsaka."

Na same shi a gonar mahaifinsa, ana yankan dawa. Na ja shi gefe na ba shi labari. Na zaci zai zage ni, ko ya mare ni, da ma ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai ya zauna a kan kunyar gona. Can ya ce, "Mutum nawa ne kafin ni?"

Na lissafa masa. Da na zo kan maƙwabcinmu, ya ce, "Shi ya nema?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ni ina da baki, ina da uban da aka sani. Shi wa gare shi?"

Ranar muka je wurin mahaifinsa liman, daga nan mu uku muka wuce gidan dagaci. Na maimaita labarin a gabansu, ina ji kamar ana tuɓe ni a kasuwa. Dagaci ya ce a yi shiru a bar wa Allah. Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, shirun ne ya kawo mu nan. Abin yana yawo a aljihun mutane, kowa yana ji a ɓoye, babu mai ba da amsa. A bar ni in sa shi a lasifika kowa ya ji, in warware shi aya bayan aya."

Liman ya ce wa ɗansa ai ya san an kashe malamai a wasu garuruwa saboda abin da bai kai wannan ba. Abokina ya ce ya sani. Suka daɗe suna ja, daga ƙarshe tsohon ya ce to, amma shi zai zauna a gefensa.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi, a filin gaban masallaci. Ni na haɗa lasifikar. Abokina yakan saki muryar mai wa'azin ta yi minti biyu, ya tsayar, ya buɗe littafi ya karanto ayar daga farkonta, ya nuna inda aka yanke ta. Da farko mutane daga nesa suka tsaya. Sannu a hankali aka matso. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya yi tambaya, wani matashi ya yi musu, aka ba shi amsa ba tare da an ce masa ɗan ta'adda ba. Ni kuwa ban ji rabin karatun ba. Idona yana kan duk wani baƙon babur da ya gifta, da duk mai babbar riga da ya sa hannu a aljihu.

Ba a taɓa abokina ranar ba. Sai ranar Litinin da hantsi wata mota marar lamba ta shigo gari. Ta ɗauki abokina a ƙofar Islamiyya, ta ɗauki maƙwabcinmu a tashar babura, ta ɗauki baƙon nan mai turare.

Da yake dagaci ya riga ya san zancen, washegari shi da liman da wasu dattawa suka kama hanyar birni. Sun yi ta zirga-zirga, mutanen gari da yawa suka ba da shaidar abin da malamin Islamiyyar ya faɗa ranar Juma'a. Kwana tara aka sako abokina. Ya rame, kuma har yau bai taɓa ba ni labarin kwanakin nan ba.

Maƙwabcinmu bai dawo ba. An samu wa'azin a wayarsa, an kuma samu masu cewa kullum yana zagin gwamnati. Jami'in ya sake zuwa shagona sau ɗaya. Na tare shi na ce, "Yallaɓai, mutumin nan bai nema ba, ni na yi masa tayi kamar yadda ka ce. Waƙar biki ya zo sawa."

Ya ce maganar ta wuce hannunsa. Sannan ya ce in daina wannan fuskar, don mai turaren nan yana cikin masu kisan da gaske, an samu kaya a ɗakinsa da za su iya tashin kasuwar nan gaba ɗaya. Ya ce, "Aikinka ya ceci rayuka." Ni ban ga kayan da idona ba. Amma mai gidan hayar ya rantse ya ga an fito da buhuna, kuma baƙon bai sake dawowa ba, babu kuma wanda ya zo nemansa. Daga ranar ban ƙara ganin jami'in ba.

Wata bakwai maƙwabcinmu ya yi a tsare. A cikinsu matarsa ta sayar da babur ɗin, ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Kullum in na fito sai na wuce ta ƙofar gidansa a rufe. Da aka sako shi bai yi mako biyu a gari ba ya tafi, don mutane sun daina zama kusa da shi. Ni ma na sayar da janareta na bar sana'ar, na koma gona, daga baya na samu kwalejin.

Na yi shekaru ina cewa zan neme shi. Sai da abubuwa suka lafa sosai na ji yana dako a Dawanau. Na je na same shi yana hutawa a inuwar wata babbar mota, furfura ta fito masa. Muka gaisa, ya tambayi Inna. Na fara kame-kame, sai ya ce in bari.

Ya ce, "Na sani tun a can. Sun nuna mini hoton takardar. Kai kake rubuta sunanmu a jikin waya in mun kawo caji, yaya ba zan gane hannunka ba?"

Na ce ya yafe mini don girman Allah.

Ya kaɗe ƙurar da ke wuyansa. Ya ce, "Tsoron da ka ji na yafe maka, kowa ya ji tsoro a lokacin. Da ni na nema ka rubuta, da ban riƙe ka ba. Amma ni ban tambaye ka ba, kai ka ce in karɓa. Wannan ka bar ni da shi tukuna." Aka kira shi lodi, ya miƙe ya ba ni hannu, ya tafi.

Mutane sukan yi musu a nan kan ko ya halatta a yi wa irin waɗancan mutane tarko da dabara a ɓoye. Ni ba na iya shiga musun da ƙarfi, don na san wataƙila littafin nan nawa ya hana a kwashi gawa a kasuwarmu, kuma ban ɗauki jami'in nan mugu ba. Abin da na gani dai shi ne, tarkon bai san bambancin mai neman kisa da mai son jin ƙwaƙwaf da mai neman ya ba da amsa ba, duk suna ɗaya ne a kan layi. Kuma da aka ga kamun ya yi kaɗan, sai aka ce in ƙirƙiro. Na kuma ga cewa a yammaci ɗaya da aka bar mutane suka ji, suka tambaya, suka yi musu a fili, wa'azin ya rasa kwarjininsa a garinmu. Bayan ranar babu wanda ya sake raɗa mini yana nema.

Ni da abokina muna nan, shi ne ma liman yanzu. Yakan ce in daina azabtar da kaina. Maƙwabcinmu kuwa ya dawo da iyalinsa wurinsa, yana can har yanzu. Duk kaka in na kai amfanin gona Dawanau nakan neme shi mu gaisa, wani lokaci mu ci abinci tare. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake roƙonsa ba. Ya ce tukuna, kuma haƙƙinsa ne. Ina jira.